Sa Hannu Huɗu, Ƙwarya Uku

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Madawa babu wanda ya kai ni iya riƙe jan bik, wato jan biro na gyaran rubutu, na yi aiki da wata ƙungiya mai fitar da ƴar mujalla kan abinci da lafiyar yara. Shafi takwas ce, Hausa a gefe, Faransanci a gefe, tana fita duk wata uku, ana raba ta ga ƙungiyoyin mata na ƙauyukan Madawa da Buza da Keita. Ni ne mai kula da ɓangaren Hausa. Kafin nan malamin karatun manya ne ni, ina koya wa masu furfura baƙi da wasali a ƙarƙashin rumfar kara. To wanda aka ɗauko daga rumfa aka ba shi teburi da fanka, ai sai a hankali. Har tafiyata sai da ta canza.

Muna da ƙa'idar aiki, a rubuce, manne a bangon buro, wato ofishinmu. Babu rubutun da zai tafi wurin bugu sai mutum huɗu sun karanta sun sa hannu: wanda ya rubuta, likitan abinci, ni mai Hausa, sai Madam shugabarmu. Duk maganar da aka faɗa sai an nuna inda aka samo ta. Kuma da zarar hannu huɗu sun cika, ko waƙafi ka taɓa sai takarda ta sake zagayawa daga farko. Ba zagin ƙa'idar nake yi ba. Ta taɓa kama mana kuskuren awon gishiri a ruwan da ake ba yaro mai zawo, kuskuren da zai iya yin ɓarna. Ni kuwa ina ji da ita kamar ni na haife ta. Na taɓa riƙe mutane yini biyu a kan ko cokali babba ake nufi ko ƙarami, ina jin daɗin yadda ake tsoron jan bik ɗina.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi gardama. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun yi fayau, maza sun watse biɗar abinci a wasu garuruwa, an bar mata da yara. A taron buro aka ce a yi shafi guda kan abincin daji da mutane ke komawa gare shi in hatsi ya ƙare, musamman anza. Ga wanda bai san ta ba, ƴaƴan wani ɗan icce ne da ke tsiro a kan fako da duwatsunmu. Ƙwayarta tana riƙe ciki, amma tana da ɗaci mai cutarwa, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin a dafa. In aka yi mata gaggawa, ita ma takan yi wa mutum gaggawa.

Madam ta tambaya ko akwai wanda ya san wata tsohuwa da ta ƙware a aikin. Hannuna ya riga tunanina tashi.

Mahaifiyata tana zaune a wani ƙauye kusa da Tamaske, a bisa dutse, inda rijiya ke cinye igiya. Ba ta da dukiya, ba ta da sarauta, ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Abu ɗaya take da shi: in shekara ta yi wuya, matan ƙauyenmu da na kewaye sukan zo da ƴar anza a tafin hannu, su ce a kai wa tsohuwa ta taɓa da harshe. In ta ce ta yi, a dafa. In ta ce da saura, a mayar cikin ruwa, ko da yara na kuka. Ba ta karɓar ko ƙwayar goro a kan haka. Wannan ne sunanta, kuma ta fi shekara arba'in tana riƙe da shi.

Na hau moto, wato babur, na tafi, da abokina mai yi mana zane a bayana, da na'urar ɗaukar murya da ta hoto. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma ja-in-ja da ni. Da na gaya mata abin da ya kawo mu, sai ta juya fuska wajen turmi ta yi magana kamar da shi take.

“Anza? A takarda? Kai, ɗan lakwal, abin da mutane ka ɓoyewa cikin ɗaka shi za ka kai ma duniya? Dut wanda yag ga huskata kusa ga anza cewa za shi yi gidanga ba hatsi.”

Na ce, “Inna, ɗiyan mutane za a taimaka. Matan yanzu da yawa ba su tashi da ita ba, ba su san aikinta ba. In sun ga huskarki za su yarda.”

Ta ci gaba da kallon turmi. Na san kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta ce mini a'a sau biyu ba, kuma da wannan na dogara. Can ta gyara ɗankwali ta ce, “In don ɗiyan mutane na, ɗauki.”

Da na kunna na'urar sai ta yi mata magana kamar surukarta ce a gabanta. “Kwana bakwai. Ruwa sahe, ruwa marece, kina zubas da na da. Ran na bakwai ki taɓa da halshe. In da sauran ɗaci, ƙara mata kwana, kak ki ji ƙyashin ruwa. Kak ki ba ɗiyanki abin da halshenki bai yarda da shi ba.” Abokina ya ɗauke ta hoto tana riƙe da ƙwarya, ba ta yi murmushi ba, amma ta fito da kwarjini. A hanyar dawowa ina ta cika masa baki cewa wannan shafin zai zama mafi kyau da muka taɓa fitarwa.

Rubutu ya bi hanyarsa. Wanda ya rubuta Faransancin ya sa hannu. Likitan abinci ya kwashe kwana uku yana gwada maganar tsohuwa da littattafansa, ya ce ba su saɓa ba, ya ƙara layin gargaɗi kan yara ƙanana, ya sa hannu. Ni na tace Hausar har sai da ta yi sheƙi, na sa hannu. Madam ta sa nata, ta buga hatimi. Abokina kuma ya zana ƙwarya bakwai a jere, kowace da rana a bisanta, sai a ƙarshe mace tana kai ƙwaya bakinta tana ɗanɗanawa. Hoton mahaifiyata a sama. Shafin ya yi kyau ƙwarai.

Ranar da za a haɗa shafuka Madam ta shigo da sabon umarni. Masu ba da tallafi suna so daga yanzu kowace fitowa ta ɗauki akwati mai sunayen kwamitin bita da muƙamansu, don a ga cewa aikinmu ba na wasa ba ne. Wurin da akwatin zai iya shiga shi ne shafin ƙarshe, shafin anza. Dole wani abu ya matsa. Rubutu ba ya taɓuwa, don hannu huɗu sun cika, likita kuma ya tafi Yamai sai bayan mako biyu, ga mota mai kai aiki wurin bugu za ta tashi washegari. Hoton tsohuwa ba zan rage shi ba. Akwatin kuwa, gaskiya zan faɗa, sunana na cikinsa, na uku daga sama, karon farko da za a buga shi a wani abu. Na ɗaga kai na karanta ƙa'idar da ke bango daga farko har ƙarshe. Babu inda ta ambaci zane.

Na ce wa abokina ya rage ƙoren su zama uku, ya cire macen da ke ɗanɗanawa.

Ya ce, “Aboki, bakwai fa tsohuwa tac ce.”

Na ce, “Rubutu ya hwaɗi bakwai, Hausa da Faransanci. Zane ado na. Ka rubuta kwana bakwai a ƙasa, shi ke nan.”

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya yi yadda na ce. Ƙwarya uku, rana uku, sai tukunya a kan murhu. A ƙasa ya sa “kwana bakwai” da ƙananan baƙaƙe.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, duk buron nan babu wanda ya kai ni sanin masu karatunmu. Ni na zauna da su a rumfa. Na san cewa a ƙungiya guda da wuya ka sami mace biyu masu karanta layi har ƙarshe. Na san ranar rabo kaɗai ake karanta musu da ƙarfi, sau ɗaya, cikin hayaniya da kukan jarirai, daga nan takarda ta kama yawo gida gida, ƙauye ƙauye, babu mai karatu a bayanta. Abin da ido ya gani shi ne labari. Duk na san wannan, amma a ranar ban tuna ba, don ina can ina duba ko an sa wa sunana ƙugiya daidai.

Mako uku bayan rabo, ma'aikaciyarmu ta yankin Keita ta kira. A wasu ƙauyuka biyu wajen Ibohamane yara da mata sun kwanta da amai da ciwon ciki, an kai wasu wurin likita. Allah ya kiyaye, babu wanda ya rasu. Da aka bincika, duk anza suka ci, duk kuma kwana uku suka jiƙa ta. Ba wauta ba ce ta sa su. Tsofaffinsu sun san mako ake yi. Amma ga takarda daga masu ilimi, ga ƙwarya uku, ga fuskar tsohuwar nan da kowa ya sani. Sai suka ɗauka likitoci sun gano cewa uku ta isa. Wanda bai taɓa ɗauko ruwa daga ƙasan dutse zuwa bisansa ba ba zai gane daɗin wannan labari ba. Kwana huɗu na sauyin ruwa safe da yamma aka ɗauke musu, ga yara na jiran abinci.

Aka kira taron gaggawa. Likita ya dawo, ransa a ɓace, ya ce a bi ƙauyuka a karɓo mujallar, a kuma yi sanarwa a rediyo. Madam ta buɗe fayil ta ɗora takardar sa hannu a kan teburi, ta sa yatsa tana bi.

“Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Rubutun daidai yake, kowa ya karanta. Bisa ƙa'idarmu ba mu buga kuskure ba. Matsalar fahimta ce.”

Likita ya ce, “Madam, yara sun kwanta.”

Ta ce ta sani, kuma abin ya dame ta, amma in kalmar kuskure ta shiga rahoto, ba wannan shafin kaɗai zai tafi ba, mujallar duka za a rufe. Aka yi ta kai da kawo har azahar. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ma'aikatanmu za su yi bayani da baki a inda suka je, kuma fitowa ta gaba za ta ɗauki layi biyu mai suna ƙarin bayani. A rubuce, ba shakka. Babu wanda ya tambayi yadda bakwai ta koma uku. Abokina yana zaune a ƙarshen teburi yana wasa da fensir, sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, ya koma kan fensirinsa. Ni kuwa mai riƙe mutane yini biyu a kan cokali, ranar ko tari ban yi ba.

Ran Juma'a na tafi gida. Ina shiga na tarar da wata baƙuwa zaune a tabarma gaban mahaifiyata, matashiya, da goyo a baya, yaron duk wuya ya fito. A hannunta akwai shafin, ya sha ninki. Tafiyar rabin yini ta yi a ƙasa. Ba ta san ko ni wane ne ba, ta gaishe ni ta ci gaba da maganarta.

“Inna, ba hwaɗa niz zaka yi ba. So nike in ji daga bakinki. Uwar mijina tac ce mani bakwai, nic ce mata ga takarda, ga ki, ai kin hi ta sani. Ɗiyana biyu sun yi kwana biyu ba abin da ka zama cikinsu. Yanzu ko ruwa nib ba su sai ta taɓa da bakinta tukun.”

Mahaifiyata ta miƙa hannu ta karɓi shafin. A lokacin ne na tuna cewa ban taɓa kawo mata shi ba. Mutum huɗu sun duba maganarta, ita mai maganar ba a nuna mata ba. Ta kalli hotonta na ɗan lokaci. Sannan ta sa yatsa a kan ƙoren, ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe, ta juya bayan takardar ko sauran suna can.

Ta ce, “Ɗiyata, ni bakwai nic ce.”

Matar ta ce, “To, Inna. Amma ga huskarki nan.”

Mahaifiyata ba ta nuna ni ba. Ba ta ce ga wanda ya yi ba, alhali ina tsaye taku uku daga gare su. Ta ba matar haƙuri, ta shiga ɗaka ta ɗebo mata ɗan geron da na san shi ne na ƙarshe a gidan, ta raka ta har bakin hanya. Da ta dawo ta zauna ta ba ni baya, ta ɗauki faifai tana tsince abin da babu. Na durƙusa na fara bayani, irin bayaninmu na buro: wuri ya yi kaɗan, mota za ta tashi, rubutun daidai yake, mutum huɗu suka duba.

Ta ce, “Huɗu?”

Na ce, “Huɗu, Inna.”

“Cikinku huɗun nan, akwai wanda yat taɓa cin anza?”

Na so in ce babu, don da ya fi sauƙi. Amma ina ɗan shekara bakwai ko takwas mun yi wata biyu muna cin ta a wannan tsakar gidan, kuma na sha yin kuka ina jan zanenta a kwana na biyar ina cewa ta dafa haka nan, tana hana ni.

Na ce, “Ni na ci.”

Ta ce, “To.” Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ranar ba, ba daga baya ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Na yi abin da zan iya, ko da yake a makare. Duk ƙarshen mako ina bisa moto ina bin ƙauyuka ina roƙon a ba ni shafin, ina ɗaga yatsu bakwai a bakin rijiyoyi kamar mahaukaci. Kaɗan na samu. Wasu sun liƙa a bango don hoton ya yi kyau, wasu an naɗe ƙosai da su, wasu sun bi ƴan uwa zuwa inda ban sani ba. Mahaifiyata ma da tsufanta ta dinga bin suna da biki tana faɗa wa mata cewa bakwai ne. Suna ce mata to. Amma bayan idonta wasu suka ce masu mota, mutanen ƙungiya, sun saye bakinta, yanzu da abin ya ɓaci take canza magana. Masu tausayi kuma suka ce tsufa ne, lissafi ya fara kuɓuce mata. A sauran wannan bazarar, da duk wata shekara mai wuya da ta biyo baya, babu macen da ta sake shigowa gidanmu da anza a tafin hannu.

Ƙarin bayaninmu ya fito bayan an yi girbi, lokacin da kowa ya koma tuwon gero. Layi biyu ne, na tace Hausarsu da kaina, hannu huɗu suka sa. Daga baya na kawo shawara cewa duk zanen da za a buga sai an nuna wa matan ƙauye waɗanda ba su karatu, a rufe rubutun, a tambaye su abin da suka gani. Aka karɓa, aka ƙara a ƙa'idar bango. A wani taro a Tawa har aka kira ni gaba aka tafa mini saboda wannan basira. Na tsaya ina murmushi ana ɗaukar hoto. Ban taɓa jin ƙyamar kaina kamar ranar ba.

Na bar aikin shekaru da yawa yanzu, mujallar ma ta daina fita. Masu irin wannan aiki sukan turo mini rubutu in duba musu, kuma abin da nake gaya musu bai wuce biyu ba. Ku duba abin da mai karatunku ke karantawa, ba abin da kuka fi jin daɗin gyarawa ba. In kuma kun ari bakin mutum da fuskarsa, ku koma ku nuna masa kafin ku buga, ko da ba shi da takardar lakwal ko guda. Ƙa'idarmu ba ƙarya ta yi ba, amma mu ta tsare. Da abu ya ɓaci kowannenmu yana da takardar da zai ɗaga. Wadda ba ta da ita ita ce ta biya.

Mutane kan ce mini ai ya wuce, ba a yi asarar rai ba, in yafe wa kaina. Na gode musu. Sai dai akwai abin da ban cika faɗa ba. Da mahaifiyata ta rasu, ranar addu'ar uku, na zaga bayan gida in ɗauko buta, sai na ji wasu mata biyu baƙi da suka biyo ayarin gaisuwa suna magana a gindin danga. Ɗaya ta tambayi ɗaya wace ce ma marigayiyar.

Ɗayar ta ce, “Ba ki gane ta ba? Tsohuwar nan ta takarda, wadda tac ce a jiƙa anza kwana ukku.”

Na tsaya da buta a hannu. Na buɗe baki in ce ba ita ta ce ba, ni ne. Kafin murya ta fito sun shafa fatiha, sun gyara mayafi, sun kama hanyar ƙauyensu.